Gadar da Aka Ɗora wa Mai Awara

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma har yanzu ban huce ba.

Bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai, in ba haka ba, za ku ce aljanu ne suka shafe ni. A kwalejinmu akwai darasin adabin duniya, Dakta Mamuda ke koyar da shi. Makon jiya ya raba mana wata tsohuwar tatsuniyar ƙasar Sin a takarda biyu, ya ce kowa ya rubuto abin da ya ji a ransa bayan ya karanta. Abin da ya ji a ransa, haka ya faɗa da bakinsa, ina zaune a layin gaba.

Tatsuniyar ba ta da tsawo. Wani ƙauye ne a bakin kogi, kasuwarsu tana tsallake. Wata shekara ambaliya ta tafi da ginshiƙin tsakiyar gadarsu ana gobe kasuwa. Sai wani tsoho mai sayar da awara, ana ce masa Wen, ya shiga ruwa ya tallafe gadar da kansa, ya ce a wuce, zai riƙe kafin a kawo sabon ginshiƙi. Aka wuce, aka dawo. Da mutane suka ga gada na tsaye, maganar ginshiƙi ta bi ruwa. Shekara goma, shekara arba'in, tsoho yana nan. Daga ƙarshe sarkin aljanun kogin ya ga haƙurinsa, ya saka masa, ya mai da shi dutse don kada ya ƙara jin gajiya. Labarin ke nan.

Ni kuwa na rubuta cewa wannan ba sakayya ba ce, toshe baki ne. Na ce ƙauye guda, da majiya ƙarfi da masassaƙa, an rasa mutum ɗaya da zai sauka ya ce masa kawo in kama maka ka sauke. Na ce a garinmu ko baƙuwa ce ta zo da kaya a ka, ba ka san ta ba, ba ta san ka ba, in ta ce kama mini, ajiye abin da ke hannunka kake yi ka kama. Na ce mutanen ƙauyen nan marasa kunya ne, wanda ya mai da shi dutse kuma ya fi su.

Dakta ya ba ni sifiri da jan biro, ya ƙara zagaye shi kamar zai gudu. Ya ce darasin tatsuniyar haƙuri ne da sadaukarwa, kowa ya gani sai ni. Ya ba ni zuwa ƙarfe takwas na safiyar yau in sake rubutawa, in ba haka ba in maimaita darasin baɗi, 'yan ajinmu su kammala su bar ni. Ƙawata Shafa'atu, wadda ta ci sha takwas cikin ashirin, ta ja ni gefe ta ce, "Ke dai Barira taurin kai ne zai kashe ki. Layi uku ne fa. Rubuta masa abin da yake so ki wuce wurin."

Na zauna da farar takarda, na rubuta sunana da lambata, daga nan biro ya ƙi gaba. A kan takardar barci ya ɗauke ni.

Sai ga ni a bakin kogi da rana tsaka, da hijabina na makaranta da silifas ɗin banɗaki. Duwatsun wurin dogaye ne sirara, da tawada aka zana su, kuma ba ta gama bushewa ba. Na jingina da ɗaya ya ɓata mini kafaɗa. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi ya yi sama, don haka kowa ya riƙe lemarsa a kife yana kare ƙafafunsa. Mutanen wurin Sinawa ne, sai dai Hausa suke yi, har da karin Katsinanci. Wata mata ta wuce da kwandon agwagi a baya, agwagin suna gardama a kan hanyar da ta fi kusa. Ban yi mamakin komai ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne ban zo da biro ba.

Ga gadar nan, ta katako, tsakiyarta ta ɗan lotsa. A tsallakenta kuma ga kwalejinmu tsaye, da allon sanarwa da bishiyar darbejiya da komai. A bakin ƙofa an ɗora babban kasko ana soya takardun kammala karatu, ana tsamewa da matsami ana miƙa wa duk wanda ya haye. Ƙamshinsu har inda nake.

Na shiga layi.

A bakin gadar akwai ofis ba bango, tebur ne kawai da fanka da kalanda mai wata goma sha bakwai. Wani bunsuru ne zaune a teburin, sanye da tabarau irin na Dakta Mamuda, da jan biro a bayan kunne. Akuyoyi biyu ke masa sakatariya. Duk takardar da ya buga wa hatimi sai ya miƙa musu su cinye, haka ake adana fayil a wurin. Kowa ya zo gabansa sai ya ce, "Darasin shi ne haƙuri," a buga masa hatimi a goshi, ya hau gada. Shafa'atu na gabana da takalmanta masu tsini. Ta faɗa, aka buga mata, ta hau. Duk takun da ta yi sai in ji wani nishi daga ƙasa.

"Suna?" in ji bunsuru.

"Barira Sallau."

"Darasi?"

"Babu."

Ya leƙo ni ta saman tabarau. "Babu darasi, ko ba ki karanta ba?"

"Sau huɗu na karanta, ranka ya daɗe. Wane ne ke nishi a ƙasa?"

"Ginshiƙi ne."

"Ginshiƙi na nishi?"

"Na farin ciki ne. Yana shafi na biyu."

"Ina sabon ginshiƙin da aka ce za a kawo?"

"An kafa kwamiti."

"Yaushe?"

"Shekara ɗari tara ke nan."

"Me suka yi?"

"Sun yaba masa." Ya gyara zama ya nuna mini agogo. Agogon kifi ne aka rataye a iska, yana buɗe baki sau ɗaya duk minti. "Ƙarfe takwas muke rufe gada. Wanda bai haye ba sai baɗi. Faɗi darasi, kina tare wa mutane hanya."

Na ce ba zan faɗa ba, kuma ba zan taka kan tsohon da ya haifi kakana ba don in karɓi takarda mai maiƙo. Ɗaya akuyar ta daina tauna ta dube ni. Na bayan layi suka fara tsaki. Na fita daga layin da kaina, don kada wani ya ce shi ya fitar da ni.

Sai ga ni a ƙarƙashin gada.

Yana nan tsaye a cikin ruwa, ɗan ƙaramin tsoho, gadar tana kansa, hannuwansa biyu a sama. Daga ƙafa zuwa ƙirji dutse ne, amma fuskarsa da hannuwansa nama ne, kuma gumi yake yi. Wata tsuntsuwa ta yi sheƙa a kunnensa na hagu. A gabansa an jera masa turaren tsinke da lemo a faranti, sabo da ruɓaɓɓe, alhali ba shi da hannun ɗauka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kansa. Shekara ɗari tara, ko gammo ba wanda ya naɗa masa.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa, sannu 'yata. Ke ce mai ginshiƙin?"

"A'a."

"To, suna hanya."

Na ɓare lemo ɗaya na riƙa sa masa a baki. Ya ce rabonsa da lemo tun yana da haƙora. Ya tambaye ni ko waken da ya jiƙa ranar nan an tsame, na ce ban sani ba. Ya tambaye ni me ya kawo ni, sai na ji bakina ya buɗe, na gaya masa abin da ban rubuta wa Dakta ba.

Na ce babana haka ya yi. A unguwarmu in kwata ta toshe, Malam Sallau. In katangar masallaci ta zube, Malam Sallau. In an yi rasuwa shi ke haƙa kabari, ko da azumi ne, ko da zazzaɓi a jikinsa. Kowa ya wuce sai ya ce Allah ya yi wa bawan nan haƙuri. Da bayansa ya kwantar da shi, shekara biyu, sannu kawai ake aiko masa daga zaure. Ranar da ya rasu da asuba ya rasu, amma ba a kai shi ba sai bayan la'asar, don an tsaya ana kallon juna, an rasa mai haƙawa. A wurin zaman makoki kalmar nan dai ta haƙuri ita ce a bakin kowa. Na ce tun daga ranar ba na iya rubuta ta.

"Mutumin kirki ne ke nan," in ji tsoho.

"Mutumin kirki ne. Shi ya sa suka cinye shi."

Wani ya wuce a sama da amalanke, tsoho ya yi nishi, gumi ya tashi daga goshinsa ya bi ruwan sama.

Na ce, "Baba, kawo in kama maka ka sauke."

"In me?"

"Ka sauke."

"A ina?"

"A ƙasa mana. Ni in kama nan, kai ka kama can, mu durƙusa tare, mu ajiye. Haka ake yi."

Ya ce bai taɓa jin wannan ba, amma yana da daɗin ji. Na kai hannu na kama katakon, na ji hannu ba zai iya ba. Sai na zare ɗankwalina ta cikin hijabi, na naɗa gammo, na shiga kusa da shi na sa kai. Nan na yi wauta. Ni na ɗauka duk duniya an san cewa wanda ya kama maka tare kuke durƙusawa. Na ce, "To, bisimilla," na fara lanƙwasa gwiwa. Shi kuwa da ya ji nauyi ya ragu sai ya zame kansa ya fita. Dutsen jikinsa ya ɓarɓashe kamar busasshiyar laka. Ya yi miƙa, bayansa ya yi ƙara sau goma sha ɗaya, tsuntsuwar ta tashi da ƙwanta a baki.

Gadar duka ta dawo kaina.

"Riƙe nan, 'yata," ya ce. "Yanzu zan je in nemo ginshiƙi."

Ba da mugunta ya faɗa ba, wallahi na ga idonsa. Ita ce kaɗai maganar da ya taɓa ji ana gaya wa mutumin da ke ƙarƙashin gada. Ya hau gaɓa yana ɗingishi. Ina kallonsa ya tsaya wurin wata mai taliya, ya zauna, aka zuba masa, ya ɗauki tsinke biyu ya fara ci.

Ban san yadda zan kwatanta muku nauyin nan ba. Kowane taku a tsakar kaina yake sauka. Har na fara gane masu wucewa da tafiyarsu: wannan mai ƙiba ne, wannan yana jan ƙafa, wannan tsayawa ya yi a tsakiya yana kallon ruwa don ba abin da ya dame shi. Can sai kawuna suka fara leƙowa ta gefen gada.

"An sake ginshiƙi."

"Allah sarki, yarinya ce ma."

"Kai, wannan akwai haƙuri."

Wani ya zuro turare da igiya. Wata ta zuro lemo.

Sai ga teburin bunsuru yana tahowa a kan ruwa, akuyoyin nan biyu suna tuƙa shi da rula. Ya tsaya a gabana, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Barka, Barira Sallau. Ashirin cikin ashirin. Tun da muka buɗe ofis ba mu taɓa samun ɗalibar da ta fahimci darasi kamar ke ba. Wasu da baki suke faɗa, ke kuwa da ka."

"Ku cire mini wannan abin."

"Za a kafa kwamiti. Takardarki kuma tana kasko, za a kawo a rataya miki a wuya. Kada ki motsa, sakayya ce ke hawa."

Na duba ƙasa. Yatsun ƙafata sun yi fari, sun yi sanyi, sun haɗe da silifas. Dutse ne ke hawa, a hankali, kamar ruwa a bokiti.

Ba zan ɓoye muku ba, yabon nan yana da daɗi. A rayuwata ba a taɓa ce mini mai haƙuri ba, kullum mai taurin kai, mai baki, wadda ba ta gado ubanta ba. Yanzu ga gari guda yana sa mini albarka, ga ashirin cikin ashirin, ga dutsen kuma duk inda ya kai ciwo yana dainawa. Na ji zuciyata tana cewa ki ɗan ƙara riƙewa, ai ba daɗewa za a yi ba. A nan ne na gane yadda aka kama babana, kuma na ji tausayinsa fiye da ranar da aka fita da shi. Dutse ya kai gwiwa.

Na ɗaga murya na ce, "Mutanen sama, ku saurara. Zan ƙirga uku. Kowa ya sauka daga gadar nan, sakinta zan yi."

Aka yi dariya. Har kifin agogo ya buɗe baki ba lokacinsa ba.

"Wasa take yi."

"Ba za ta iya ba," in ji wani, da muryar wani maƙwabcinmu da na sani sarai. "'Yar Malam Sallau ce. Gidan haƙuri ta fito."

To, da ma wanda ya faɗi wannan ya yi shiru, da ƙila har yanzu ina can.

"Ɗaya."

Bunsuru ya zaro jan biro. "In kika sake ta, sifiri ne. Kin ga tsallaken can? Ba ke ba shi sai baɗi."

"Sai baɗin. Biyu."

Masu hankali suka fara gudu, na ji katako yana rawa a kaina. Na tsaya na saurara, don akwai wani taku mai nauyi a hankali, na mace mai goyo. Na jira ta har ta kai ƙarshe. Saura masu dariya, su kuwa ba ruwana da su.

"Uku."

Na sunkuya na zame, kamar yadda na ga tsoho ya yi.

Gadar ba ta faɗo da sauri ba, saboda ruwan da ke tashi sama yana tare ta. A hankali ta sauko, da mutanen da ke kanta a tsattsaye, wani ma bai daina cin gyaɗarsa ba. Ta kwanta a kan kogi ta rabe biyu. Mutane suka zube a ruwa suna salati, sannan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Ruwan iya gwiwa ne. Suka tsaya a ciki riƙe da takalmansu suna zagina, uwa da uba, har da wanda ya zuro mini turare.

Na duba tsallake. An kashe wutar kasko. Wani mai gadi ya naɗe kwalejin kamar tabarma, da allon da darbejiyar, ya sa a hammata ya tafi. Shafa'atu na tsaye da takardarta tana ɗigar mai, ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai. Na ji zafin wannan, ba zan yi ƙarya ba. Shekara guda ce ta rayuwata aka naɗe aka tafi da ita, kuma na san abin da Inna za ta ji in na gaya mata. Bunsuru ya zana sifiri a iska, ya zagaye shi, ya cinye biron, teburinsa ya bi ruwa da shi yana ta neman hatimi.

Dutsen ƙafata ya saki. Silifas ɗaya dai ya tafi.

Sai ga tsoho ya sauko da kwanon taliyarsa a hannu. Ya dubi gadar a kwance. Ya dubi mutanen da ke tsallaka kogi da ƙafa, sun naɗe wanduna. Ya kai hannu ya shafa ramin da katako ya yi masa a tsakar ka.

"'Yata," ya ce, "da ma ana iya sakinta?"

"Ana iyawa, Baba."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

Ya zauna a cikin ruwan, da kwanon a cinyarsa. Na so in ce masa ya yi haƙuri, don ita ce kalmar da ake faɗa a irin wannan wuri, amma na haɗiye ta. Na zauna kusa da shi kawai.

A gaɓa zagi ya fara lafawa. Wani ya ce shi fa ba zai riƙa jiƙa buhun shinkafarsa duk ranar kasuwa ba. Wani ya ce ai akwai itace a bayan gidan wane, tun zamanin kakansa aka ce na ginshiƙi ne. Wata tsohuwa ta ce gatarin yana ƙarƙashin gadonta. Ba a yi minti biyar ba sai ga ƙarti huɗu sun tuɓe riguna sun kewaye wata bishiya, ta tawada ce ita ma, amma ta bushe. Na farko ya tofa yawu a hannu ya ɗaga gatari. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ƙwas. Mai faskare ne a gidan maƙwabta, ya fara tun da sassafe kamar yadda ya saba. Na ɗago kai, wuyana ya sanƙare, farar takardar ta manne a kumatuna, ba komai a kanta sai sunana da lambata. Ƙarfe bakwai da minti goma. Na ɓamɓare ta na ajiye a kan tebur, na ɗauko tsohuwar, mai jan sifirin, na sa a jaka. Inna ta ce in tsaya in sha koko, na ce sai na dawo, akwai wanda zan gani ƙarfe takwas.